Yaya ake tabbatar da sawun kayan lantarki kafin a buga allo da yawa?

Sola_Dakata:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, manyanmu da abokan sana'a. Ina neman shawara kan wani lamari da ya taɓa jawo mini asara, wanda ba na so ya sake faruwa. Na zana allon lantarki (PCB) da zai sarrafa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, na yi shi a manhajar KiCad, kuma ina shirin aikawa wata masana'anta a Shenzhen ta ƙasar Sin ta buga guda 200, ta kuma ɗora ƙananan kayan da injinta.

Bara na buga guda 50 na wani allon daban. Da suka iso sai na tarar ayisin (IC) ajiyar bayanai ba ya zama a sawunsa, wato tsarin jan ƙarfen da aka tanadar wa ƙafafunsa a allo. Na zaɓi sawun irin jikin ayisi da ake kira SOIC-8 mai siririn jiki, wanda faɗinsa milimita 3.9 ne, alhali wanda na saya mai faɗin jiki ne, wajen milimita 5.3. Dukansu ƙafa takwas gare su, tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa ma ɗaya ce, milimita 1.27, amma ƙafafun wanda ke hannuna sun zarce masaukansu na jan ƙarfe da wajen rabin milimita ta kowane gefe. Sai da ni da yarona muka kwashe kwana uku muna lanƙwasa ƙafafun da hantsaki zuwa ƙarƙashin jikin ayisin kafin dalma ta kama su, kuma har yau hankalina bai kwanta da waɗannan alluna ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne manhajar ta bincika zanen kafin in aika, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Ku da kuka daɗe a wannan aiki, wace hanya kuke bi don tabbatar da sawun kowane kaya kafin ku biya kuɗin bugu?

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Binciken da manhaja ke yi, wanda ake kira DRC, yana kwatanta zanenka ne da ƙa'idojin da kai ka ba ta, wato ko layuka sun matsu da juna, ko akwai ƙafar da aka manta ba a haɗa ba. Manhaja ba ta taɓa ganin kayan da ke cikin ledarka ba, saboda haka duk sawun da ka miƙa mata za ta karɓa. Abubuwa uku ne dole su zo daidai da juna: lambar ƙafa a alamar da ke zanen da'ira, lambar masauki a sawun, da ainihin ƙafar da ke jikin kayan. Manhaja tana iya haɗa na farko da na biyu, amma na ukun babu mai duba shi sai mutum.

Ni ba na zaɓar sawu da sunan da aka taƙaita. Ina ɗauko cikakkiyar lambar kayan da zan saya har da haruffan ƙarshe, domin su ne suke faɗin irin jikinsa. Ayisin ATmega328P misali ne mai kyau: mai ƙarewa da PU shi ne dogon nan mai ƙafa 28 da ake cusawa a rami, mai AU yana da ƙafa 32 da tazarar milimita 0.8, mai MU kuwa ƙafafunsa a ƙarƙashi suke, tazararsu milimita 0.5. Daga nan sai in buɗe shafukan ƙarshe na takardar bayanin kayan, inda zanen jikinsa yake, in auna sawuna da alƙaluman da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Siririn SOIC da ka ambata yana da lambar da ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta JEDEC ta ba shi, MS-012. Da ka nemi wannan lamba a takardar ayisinka ba ka gan ta ba, da ka tsaya tun a nan.

MaiBulowa_Kano:
Ni aikina gyaran waya ne, amma ina buga ƙananan alluna lokaci zuwa lokaci, kuma hanyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce takarda. Ina buga zanen allon a firinta daidai girmansa, in manna takardar a kan kwali mai laushi, in ɗauko kowane kaya in aza shi a wurinsa. Masu ƙafar shiga rami kuma in huda musu da allura, in cusa su in gani. Gani ya kori ji, Malam. Da ka aza wannan ayisin a kan takarda, nan take za ka ga ƙafafunsa sun yi waje.

ƊanMaraɗi:
Maganar MaiBulowa gaskiya ce, sai dai akwai sharaɗi. Firinta da yawa suna rage girman zane kaɗan don ya shiga shafi, kuma mai bugawa ba ya lura. Idan an rage kashi uku cikin ɗari, kaya mai ƙafa uku zai zauna lafiya, amma mahaɗi mai ƙafa arba'in zai nuna maka kuskuren da babu shi, ko ya ɓoye wanda yake akwai. Ni ina zana layi mai tsawon milimita 100 a gefen allon, a tsaye da kuma a kwance, in auna shi da rula bayan bugawa kafin in yarda da takardar.

Malama_Lantarki:
Ina so in ƙara a kan abin da 'yan'uwa biyu suka faɗa, domin akwai kuskuren da takarda ba za ta taɓa nuna muku ba, kuma shi na fi gani a ayyukan ɗalibaina na shekarar ƙarshe. Takardun bayanai da yawa suna zana ƙafafun kaya kamar kana kallonsa daga ƙasa, musamman rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, da mahaɗai da ayisin da ƙafafunsa suke ƙarƙashi. Mai zana sawu kuwa daga sama yake kallon allo. Idan ka kwafi zanen yadda ka gan shi, sawunka zai fito a juye kamar hoton madubi. Kayan da ɓangarorinsa biyu suke kama da juna zai zauna daram a kan takardar, ka ce ka gama, alhali ƙafa ta ɗaya tana inda ta ƙarshe ya kamata ta kasance.

Wata ɗaliba ta kawo mini allo da rile ya shiga ramukansa ba tare da wata matsala ba, amma fitilar da yake sarrafawa tana kunne lokacin da ya kamata ta mutu, tana mutuwa lokacin da ya kamata ta kama. Ƙafar da take a haɗe kafin rile ya samu wuta da wadda take a buɗe ne suka yi musaya, saboda ta kwafi zanen kallon ƙasa. Tun daga lokacin na sa doka cewa kowane ɗalibi zai riƙe kayan a hannu, ya juya shi yadda takardar ta zana shi, ya ɗiga jan alƙalami a ƙafa ta ɗaya, sannan ya mayar da shi yadda zai zauna a allo ya ga inda ɗigon ya faɗa. Idan rile ne ko makunni, sai ya sa mita ya gwada wace ƙafa ce take haɗe da wace. Wannan aikin minti biyar ne.

Sola_Dakata:
Malama, na gode ƙwarai. Akwai rile biyu a allon nawa, kuma da hannuna na zana sawunsu daga takarda. Zan koma in duba ko zanen na sama ne ko na ƙasa.

Baba_Inbata:
Na shekara fiye da ashirin ina haɗa inbata, kuma abin da ya fi ƙona wa yara kaya a gabana shi ne ɗaukar cewa jiki ɗaya yana nufin ƙafafu ɗaya. Ku ɗauki tiransista 2N3904 da BC547, duka a baƙin jikin nan na TO-92 suke. Idan ka fuskanci ɓangaren da yake shafe, ƙafafu suna ƙasa, 2N3904 yana farawa da emita, sai bes, sai kalekta, BC547 kuwa da kalekta yake farawa ya ƙare da emita. Haka regileta, mai daidaita ƙarfin wuta: 7805 babba shiga ce a hagu, ƙasa (GND) a tsakiya, fita a dama, amma ƙanensa 78L05 a jikin TO-92 fita ce a ƙafar farko. AMS1117 kuma nasa tsarin daban ne gaba ɗaya, ƙafar farko ƙasa, ta biyu fita, ta uku shiga. Kuma faffaɗan kunnen da ke bayansa a haɗe yake da fita. Wanda ya saba da 7805, inda kunnen yake haɗe da ƙasa, sai ya manna shi da shimfiɗar ƙasa don ya sha iska, da an ba da wuta sai regileta ta ɗauki zafi kamar garwashi. A irin wannan, awon sawun daidai ne, lambobin ne suka ci amana. Ɗana, ka buga jerin kayanka, ka bi duk mai ƙafa uku da takardarsa a buɗe.

Kodin_da_Waya:
Da izinin manya, ina ganin ana tsananta lamarin. Laburaren sawu da ke zuwa da KiCad yana da ƙa'idojin da aka rubuta, ana duba kowane sawu kafin a karɓe shi, kuma dubban mutane suna amfani da shi kullum. Kuskuren Malam Sola ba na laburare ba ne, na zaɓi ne. A ganina wanda yake zana kowane sawu da hannunsa ya fi shiga haɗari, domin shi kaɗai ne ya taɓa gwada abin da ya zana. Misalin rilen da Malama ta bayar ma da hannu aka zana shi.

Injiniya_Samaru:
Kodin, rabin maganarka na karɓa. Rezista da kafasita da SOIC na yau da kullum ba na sake zana su, ina ɗauka daga laburare. Amma ko sawun da aka zana daidai yana iya zama ba naka ba. Mahaɗin USB-C mai ƙafa 16 kamfanoni da yawa suna yin sa, a ido duk iri ɗaya ne, amma wurin turakun roba da dogayen ramukan da ke riƙe jikinsa ya kan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. Sannan sawun da ake saukowa da shi daga shafukan intanet na kyauta, wanda ba a san wanda ya zana shi ba, ni ina ɗaukarsa tamkar wanda yaro ya zana jiya har sai na auna shi. Tambayar da nake yi wa kowane sawu guda ɗaya ce: na taɓa ɗora wannan kayan, mai wannan cikakkiyar lamba, a kan wannan sawun, ya yi aiki? Idan amsar e ce, yana cikin laburarena na kaina da alamar an gwada. Idan a'a ce, a layin bincike yake, ko daga ina ya fito.

Hajiya_PCB:
Tunda an zo maganar zana sawu da hannu, ya kamata a ambaci cewa akwai ƙa'idar da aka tanada don haka, IPC-7351, wadda ta fito a 2005. Masauki ba girman ƙafa ake yin sa ba, dole ya zarce ta gaba da baya domin dalma ta samu inda za ta hau ta rungumi ƙafar. Ƙa'idar ta kasa wannan gida uku gwargwadon cunkoson allo. Ga ƙafafu masu lanƙwasa irin na SOIC, ƙarin da ake yi a gaban ƙafa milimita 0.55 ne a mataki mai yalwa, 0.35 a matsakaici, 0.15 a matsattse. Akwai kuma farfajiyar da ake bari kewaye da kowane kaya don kada maƙwabci ya shigo, wadda a matsakaicin mataki milimita 0.25 ce.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne mu a nan mafi yawan gyara da hannu muke yi, da ƙarfen dalma, sau da yawa a wurin da rijiyar take ba a shago ba. Allon famfo zai zauna a ƙauye, kuma wanda zai gyara shi bayan shekara biyu ba shi da injin masana'anta. Idan akwai fili, Malam Sola, ka zaɓi mataki mai yalwa, ko irin sawun da KiCad ta tanada musamman don ɗorawa da hannu, mai dogayen masaukai. Sawu yana iya zama daidai da takarda amma ya wahalar da mai gyara.

Almajirin_Fasaha:
Ku gafarce ni, ni sabon shiga ne. Wannan sawu da ake ta faɗa shi ne futfirin? Mu a wurin koyo haka ake ce masa, masaukai kuma fad.

Malama_Lantarki:
Shi ne, ɗana. Kalmar ta dace, domin kamar yadda mafarauci yake gane dabba daga sawunta a ƙasa, haka ake gane kaya daga tsarin jan ƙarfe da ramukan da aka tanadar masa. Ka riƙe sunayen biyu, tunda manhajar da takardun duk da Turanci suke.

MaiRijiya_Gusau:
Ina so in dawo da mu kan allon famfo, domin irin aikin da nake yi ke nan. Ayisi kowa yana tsoronsa yana duba shi, amma manyan kaya masu ƙafar shiga rami su ake rainawa, kuma su suka taɓa kayar da ni. Mahaɗin waya mai sukuru yana zuwa da tazarar milimita 5.00 da kuma 5.08, a ido ba za ka bambanta su ba. A mai ƙafa biyu bambancin bai taka kara ya karya ba. A mai ƙafa takwas kuwa tazara bakwai ce, kowace da ƙarin 0.08, ya zama milimita 0.56 a ƙafar ƙarshe, kuma ba za ta shiga ba sai an tilasta mata. Haka 3.5 da 3.81, haka ƙananan fararen mahaɗan nan na XH da tazararsu 2.5 ce amma a kasuwa ake kiran su 2.54.

Sai girman rami. Ƙafar dayod 1N4007 wajen milimita 0.8 ce, ta 1N5408 kuwa ta kai 1.3, don haka ramin da ya ishi ta farko ba zai karɓi ta biyu ba. Fil mai kusurwa huɗu na milimita 0.64, daga kusurwa zuwa kusurwa 0.9 ne, shi ya sa ake ba shi ramin milimita 1.0. Na taɓa karɓar alluna 30 da ƙafar dayod ba ta shiga, na sa aka faɗaɗa ramukan da ɗan injin huji. Abin da ban yi tunani ba shi ne bangon ramin a shafe yake da jan ƙarfe, shi ne yake haɗa fuskar sama da ta ƙasa. Da aka faɗaɗa sai shafen ya tafi, dole muka riƙa sa dalma ta fuska biyu a kowane rami. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a wannan aiki ka ajiye ido ka sayi ma'aunin baniya mai auna kauri, ka auna ƙafar kayan da ke hannunka, ka ƙara wajen milimita 0.2 a kan mafi kaurinta.

Bahaushen_Shenzhen:
Sallama ga kowa. Ina zaune a nan Sin, kuma ina yawan shiga tsakanin masu oda daga gida da masu haɗa alluna, don haka zan yi magana kan ɓangaren da ba a taɓo ba. Malam Sola ya ce inji ne zai ɗora masa kaya. A nan ko sawunka ya yi daidai ɗari bisa ɗari, akwai fayil ɗin da ke faɗa wa inji wurin kowane kaya da kusurwar da zai juya shi. Abin da manhajarka take ɗauka a matsayin digiri sifili ba lallai ne ya zama yadda kayan yake kwance a cikin tef ɗin da inji ke ɗaukarsa daga ciki ba. Rezista ko an juya ta babu komai, amma dayod, da fitilar LED, da ƙananan kaya masu jikin SOT-23, da ayisi, juyin digiri 90 ko 180 ya isa ya kashe allon. Masana'antu da yawa suna nuna hoton yadda za su ɗora kafin su fara. Kada ka danna amincewa da sauri, ka bi kowane kaya mai fuska ka ga ɗigon ƙafa ta ɗaya ya faɗa inda naka yake. Kuma ka sa alamar ta fito sarai a farin rubutun allo, a wajen jikin kayan, don a gan ta ko bayan an ɗora shi. Ka tuna cewa layin da ke jikin kafasitar tantalum yana nuna ƙafar fositif ne, na jikin kafasitar alminiyam mai gwangwani kuwa negetif yake nunawa.

Abu na biyu, lambobin girma. 0603 a awon inci milimita 1.6 ne da 0.8, amma 0603 a awon mita 0.6 ne da 0.3, wanda bai kai ƙwayar gero ba. KiCad tana rubuta duka biyun a sunan sawu, 0603 tare da 1608, sai ka tabbata jerin kayan da ka aika ma ya fayyace. Na uku, idan kana da ayisi irin QFN mai faffaɗan masauki a ƙarƙashin cikinsa, ka duba fayil ɗin sitensil, wato faranti mai ramuka da ake shafa dalma ta cikinsa. Idan aka buɗe wurin gaba ɗaya, kwaɓaɓɓiyar dalma za ta yi yawa, ayisin ya yi iyo a kanta, ƙafafun gefe su ɗaga. Ana yanka buɗin ne ƙananan tagogi, su rufe tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na masaukin.

Kodin_da_Waya:
Wannan bayani ya amfane ni, Yallabai. Zan ƙara da cewa hoton allo mai siffa uku da manhaja ke nunawa yana taimakawa wajen ganin kayan da suka hau kan juna, ko kafasitar da ta fi murfin akwati tsawo.

Hajiya_PCB:
Yana taimakawa, amma da sharaɗin cewa siffar daga kamfanin da ya ƙera kayan ta fito. Idan wanda ya zana sawun shi ne ya zana siffar, daga fahimta ɗaya suka fito, kuskure ɗaya za su ɗauka, sai su gaskata juna a gabanka. Saboda wannan dalilin ne ma a wurin aikinmu wanda ya zana sawu ba shi ne yake tabbatar da shi ba. Ana ba wani takardar bayanin, ya rubuta alƙaluman da yake sa ran gani tun kafin ya buɗe sawun, sannan ya auna. Kuma fayilolin Gerber, wato na bugun allo, da na huji da za a aika su ake buɗewa a wata manhajar dubawa daban, domin su masana'anta za ta buga, ba abin da ke fuskar manhajar zane ba.

Baba_Inbata:
Duk abin da aka faɗa yana da kyau, amma ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya buga 200 a kan zanen da bai taɓa riƙewa a hannu ba. Masana'antun nan suna buga guda 5. Ka buga 5, ka haɗa biyu da hannunka, ka kai ɗaya rijiya ya yi mako yana aiki a rana, sannan ka yi babbar oda. Sauri ya haifi nawa, ɗana.

MaiRijiya_Gusau:
Baba, maganarka dutse ce, sai dai wani lokaci ba a hannun mai zane abin yake ba. Kuɗin jigila ya kan fi kuɗin allunan biyar nesa ba kusa ba, ga jiran kwastan, ga mai aiki yana son ruwa ya fito kafin zafin bazara. Zagaye ɗaya na gwaji yana iya cin makonni. Idan kuma ya faɗa kan hutun sabuwar shekarar Sin, wadda take zuwa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu da yawa a rufe suke. Ban ce a tsallake gwaji ba, amma na fahimci abin da ke sa mutane suna tsallakewa.

Bahaushen_Shenzhen:
Akwai hanya ta tsakiya. Alluna biyar da aka haɗa da hannu suna tabbatar da sawu, amma ba sa tabbatar da fayil ɗin inji, wanda shi ne na yi magana a kansa ɗazu. Idan inji ne zai ɗora 200, to inji ya kamata ya ɗora na gwajin ma. Wasu masu haɗawa sukan yarda su ɗora allo ɗaya ko biyu, su aiko da hotuna masu kyau, su jira amincewarka kafin su ci gaba da sauran. Ka tambayi naka ko suna yin haka.

ƊanMaraɗi:
Wani abu da ya shafi mu na wannan yanki shi ne kayan da ka zana da shi ba lallai ne shi za ka samu gobe ba. Lokacin ƙarancin ayisi na 2021 da yawanmu mun koma neman madadi, kuma a kasuwa kaya suna zuwa a leda babu takarda. Ga ayisin ajiya irin na Malam Sola, ana iya zana sawu mai dogayen masaukai wanda zai karɓi siriri da mai faɗi duka, tunda tazarar ɗaya ce. Ni haka nake yi yanzu. Amma a kula da ayisin TL431 a jikin SOT-23, domin tsarin ƙafafunsa ba ɗaya ba ne a duk kamfanoni, har akwai TL432 da aka yi da ƙafa biyu a musanye da gangan.

Injiniya_Samaru:
Sawu mai karɓar jiki biyu yana da amfani a aikin hannu, amma ina da ja a kansa idan inji ne zai ɗora. Masauki mai tsawo yana ɗaukar dalma fiye da ƙima, kuma lokacin da ta narke tana iya jan kayan gefe. A ƙananan rezista ma, idan masauki ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma ko ya fi shi saurin ɗaukar zafi, sai ka ga rezistar ta miƙe tsaye a kan ƙafa ɗaya. Ga 200 na inji, ni zan tsayar da lamba ɗaya, in tabbatar akwai ta a ajiyar masana'anta, in zana mata nata sawun.

Sola_Dakata:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da daddare na zauna da ma'aunin baniya da takardun, na bi kaya 41 da ke jerina, ga abin da na samu. Rilen suna daidai, zanen kallon ƙasa ne kuma ashe na juya shi tun farko. Mahaɗin waya kuwa maganar MaiRijiya ce ta tabbata, sawuna 5.08 ne, waɗanda na saya 5.00 ne, masu ƙafa takwas. Sai AMS1117: ban haɗa kunnensa da ƙasa ba, Baba, amma na zaɓi sawun SOT-223 da ya ba kunnen lamba 4, alhali alamarsa a zanen da'ira ƙafa uku gare ta. Kunnen yana zaune shi kaɗai a ɗan tsibirin jan ƙarfe, babu inda zafi zai bi ya fita, a akwatin da zai wuni a rana. Na canza zuwa sawun da kunnensa yake ɗauke da lamba 2, na shimfiɗa masa jan ƙarfe mai faɗi. Manhajar ba ta ce komai a kan ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Abin da ban yanke ba shi ne yawan na gwaji. Ina tsakanin 5 da zan haɗa da hannu da 20 da inji zai ɗora, kuma mai aikin yana matsa mini.

Baba_Inbata:
Biyar sun isa su nuna maka abin da ya rage, kuma idan akwai gyara asarar kaɗan ce.

Hajiya_PCB:
Ni 20 na inji zan ce, saboda dalilin da ɗan'uwanmu na Shenzhen ya kawo, kuma idan sun yi kyau ka fara kai wa mai aikin su kafin sauran su iso. Kafin ka aika ko wanne, ka sa mana hoton fuskar sama daga fayilolin Gerber tare da shafin zanen rilen. Ka ce ka juya shi daidai, amma kai ka zana kuma kai ka duba, ina so in auna shi da kaina.

Malama_Lantarki:
Ka haɗa da shafin mahaɗin USB idan akwai shi a allon, da cikakkiyar lambarsa. Ni ma zan duba bayan sallar isha'i in sha Allah.